Diritarashtira: riƙon ƙwaryar da ya ci 'ya'ya 100

Bagabad Gita, littafin da mabiya addinin Hindu suka fi yawan karantawa, baiti 700 ne a cikin babi 18. Baiti ɗaya tak ne ya fito daga bakin Diritarashtira, kuma shi ne na farko. Tsoho ne makaho, yana zaune a fadar Hastinapura, ya tambayi Sanjaya, mai tuƙa masa karusa kuma amininsa: da nawa da 'ya'yan Pandu suka taru a filin Kurukshetira suna ƙishin yaƙi, me suka yi? Kalmar da ya furta da harshen Sanskirit ita ce "mamaka", ma'anarta "nawa". Masu sharhin littafin sun daɗe suna tsayawa a kanta, kuma suna da hujja. 'Ya'yan Pandu ɗin nan 'ya'yan ƙaninsa ne, marayu, a gidansa suka girma, uba suka ɗauke shi. A al'adarsu, kamar a tamu, ɗan ƙani ɗa ne. Amma ranar da jini zai zuba, bakinsa ya ware nasa gefe guda.

Mai neman sunan a intanet zai same shi a rubuce Dhritarashtra, ma'anarsa "mai riƙe da ƙasa". Labarinsa yana cikin Mahabarata, doguwar waƙar Indiya mai kashi 18, wadda bisa al'ada ake cewa baitocinta sun kai 100,000. Masana sun fi karkata ga cewa ta ɗauki siffar da aka sani tsakanin wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa wajen 400 bayanta. Cibiyar Bhandarkar da ke birnin Pune na Indiya ta shafe daga 1919 zuwa 1966 tana gwada rubuce-rubucen hannu 1,259 don fitar da tataccen matani. Hastinapura har gobe gari ne a gundumar Meerut ta jihar Uttar Pradesh, Kurukshetira kuma tana jihar Haryana. Abin da ke tafe duk daga bakin littafin ne, yadda mabiyansa suka karɓe shi.

Tun kafin a haifi Diritarashtira aka ɗaura ƙullin da ya shaƙe gidan. Sarki Shantanu ya nemi auren Satyabati, 'yar sarkin masunta, uban ya gindaya sharaɗin cewa jikansa ne zai gaji sarauta. Babban ɗan Shantanu, wanda aka fi sani da Bishma, ya yi rantsuwa biyu don mahaifinsa ya samu abin da yake so: ba zai hau gadon sarauta ba, ba kuma zai yi aure ba. Satyabati ta haifi maza biyu, duk suka mutu ba su bar baya ba. Na biyun ya bar mata biyu, Ambika da Ambalika, 'ya'yan sarkin Kashi. Sai aka koma ga al'adar da ake kira niyoga: a nemi ɗan'uwan mamaci ko wani mai daraja ya kusanci matarsa, ɗan da aka haifa a lissafta shi na mamacin. Bishma ya ƙi karya rantsuwarsa. Satyabati ta kira Viyasa, ɗanta na fari da ta haifa kafin aurenta, mai ibada da ke zaune a daji.

Akwai wani abu a nan da masu taƙaita labarin kan tsallake. Viyasa ya nemi a ba matan shekara guda su yi ibada su shirya. Satyabati ta ƙi, ta ce ƙasar da ba sarki ba za ta iya jira ba. Ya shigo da cukurkuɗaɗɗen gashi da idanu kamar garwashi, Ambika ta runtse ido don tsoro, aka haifi Diritarashtira makaho, duk da an ce ƙarfinsa na giwa 10,000 ne. Ambalika ta koɗe don firgita, aka haifi Pandu da koɗaɗɗiyar fata. A karo na uku Ambika ta tura kuyangarta a madadinta, ita kuwa ta karɓi baƙon da natsuwa, ta haifi Vidura. Gida ya tashi da 'yan'uwa uku: babba ba ido, na ƙarshe ya fi kowa hankali amma uwarsa baiwa ce, don haka aka naɗa na tsakiya.

Hana shi sarauta yana da tushe a dokokinsu. Littafin shari'a na Manusmiriti, a babi na 9 baiti na 201, ya sa wanda aka haifa makaho ko kurma cikin waɗanda ba sa samun kason gado, sai dai baiti na 202 ya ce a ciyar da su a tufatar da su. Amma baiti na 203 ya ce 'ya'yansu, in sun haifa, suna da kaso. A kan dukiya ake wannan magana, ba a kan gadon sarauta ba, sai dai tana nuna cewa iƙirarin Duryodana, babban ɗan makahon, ba daga iska ya ɗauko shi ba.

Pandu ya yi mulki, ya ci ƙasashe, sannan wata rana a wajen farauta ya harbi barewa biyu suna barbara, ashe wani mai ibada ne Kindama da matarsa suka rikiɗa. Ya la'ance shi cewa ranar da ya kusanci mace zai mutu. Pandu ya bar gari ya koma daji da matansa biyu, Kunti da Madiri, ya bar ƙasa a hannun yayansa. Abin da Bahaushe ke kira riƙon ƙwarya ke nan, kuma ba wanda ya yanka masa wa'adi, ba wanda ya fayyace wa zai gada. A ganina duk bala'in da ya biyo baya daga wannan shirun ya tsiro.

An aura wa Diritarashtira Gandari, 'yar sarki Subala na Gandara, yankin da yau ke arewa maso yammacin Pakistan da gabashin Afganistan. Da ta ji mijinta makaho ne, sai ta ɗaure idanunta da ƙyalle, ta zauna haka. Ita ta fara ɗaukar ciki, amma cikin ya shekara biyu bai fito ba. Ana haka labari ya zo daga daji cewa Kunti ta haifi Yudishtira, wanda ta samu ta hanyar kiran wani abin bauta da addu'a, aka lissafta shi ɗan Pandu. Don baƙin ciki Gandari ta daki cikinta, wani dunƙulen nama mai taurin ƙarfe ya faɗo. Viyasa ya sa aka yayyafa masa ruwan sanyi, ya rabu gida 101, kowanne kamar gaɓar babban yatsa, aka zuba kowanne cikin tulun man shanu aka rufe. Daga nan maza 100 suka fito da mace ɗaya, Dushala. Sarkin yana da wani ɗa kuma, Yuyutsu, da wata mai hidima ta haifa masa lokacin da Gandari ke fama da ciki. A riƙe wannan suna.

To ga lissafin. Yudishtira ne babba a haihuwa, kuma ubansa ne aka naɗa. Duryodana ɗan babban wa ne, ubansa ne ke kan kujera, a fada aka haife shi. Ranar da ya fito daga tulu, Diritarashtira ya tara manya ya ce ya yarda Yudishtira ne zai yi sarauta, amma bayansa fa, ɗan nan nawa zai samu? Yana rufe baki diloli suka kama kuka. Vidura ya ce a rabu da yaron, ya kawo maganar da ta shahara a Indiya: a bar mutum ɗaya don a tsirar da gida, a bar gida don a tsirar da ƙauye, a bar ƙauye don a tsirar da ƙasa. Uban ya ƙi. Ban ga laifinsa a wannan ƙin ba, domin jariri bai yi komai ba. Abin lura shi ne tambayar da ya yi, don ta nuna inda zuciyarsa ta kwana tun ranar farko.

Bayan mutuwar Pandu, Kunti ta dawo da yara biyar: Yudishtira, Bima, Arjuna, Nakula da Sahadeba. (Bima daban, Bishma daban: na farko ƙaƙƙarfan ɗan Pandu ne, na biyu kakansu mai rantsuwa.) Sarki ya naɗa Yudishtira yarima mai jiran gado. Da talakawa suka fara yabon yariman a kasuwa da dandali, Duryodana ya je wajen uban yana ƙorafi cewa in aka bar haka, su da 'ya'yansu har abada cin arzikin wasu za su yi. Uban ya fara da cewa Pandu bai taɓa saɓa masa ba, ta yaya zai kori ɗansa? Bai jima ba ya amsa cewa shi ma tunanin yana ransa, mugun nufi ne shi ya sa bai furta ba. Da bakinsa ya tura yaran garin Varanabata kallon biki. A can wani Purocana ya gina musu gida da aka cuɗa yaɓensa da ƙaro da man shanu da kitse da zaren rama, don a cinna masa wuta. Vidura ya gargaɗi Yudishtira da wani yaren da sauran ba sa ji, ya kuma aika mai haƙa ya yi musu ramin fita ta ƙarƙashin ƙasa. Sun tsira, amma wata mata da 'ya'yanta biyar da suka kwana a gidan sun ƙone, gawawwakinsu ne suka sa aka ɗauka 'ya'yan Pandu sun mutu.

Da suka bayyana da rai, sun auri Daraupadi 'yar sarkin Pancala, suna da suruki mai ƙarfi, sai aka raba ƙasa. Aka ba su Kandabaparasta, yanki mai daji, suka gina birnin Indaraparasta, wanda al'ada ke danganta shi da inda Delhi take a yau. Rabon ya kawo zaman lafiya na wasu shekaru, har ranar da Duryodana ya je ya ga dukiyarsu ya dawo ya kasa cin abinci.

Zauren caca shi ne inda ya kamata mai karatu ya rage gudu. Shakuni, ƙanin Gandari ko yayanta, gwanin caca ne, shi ya kawo shawarar. Sarki ya ce sai ya ji ta bakin Vidura. Duryodana ya ce in Vidura ya hana, zai kashe kansa. Nan take uban ya ba da umarni a gina zaure, ya kuma tura Vidura ɗin da ya ƙi yarda ya kai goron gayyata. Yudishtira ya zauna, Shakuni na jefawa a madadin Duryodana. Lu'ulu'u da zinariya suka tafi, sannan bayi, giwaye, karusai, dawaki, shanu, ƙasa. Ya sa Nakula, Sahadeba, Arjuna, Bima, ya sa kansa, duk aka cinye. Da ya sa Daraupadi, dattawan zauren suka sunkuyar da kai, gumi ya karyo wa Bishma da Dorona, malamin da ya koya wa yaran gidan yaƙi, Vidura ya dafe kai. Shi kuwa sarki, littafin ya ce, ya kasa ɓoye murnarsa, yana ta maimaita tambaya: an ci? an ci?

Dushasana, ƙanin Duryodana, ya jawo Daraupadi da gashi zuwa tsakiyar zaure. Ta yi tambaya ta shari'a: wanda ya riga ya faɗi kansa a caca, yana da ikon sa matarsa? Bishma ya ce darma, wato haƙƙi da abin da ya wajaba a kan mutum, abu ne mai siririn gaske, ba zai iya yankewa ba. Vikarna, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarkin, shi ya tashi ya ce ba a ci ta ba. Sarki bai ce uffan ba sai da dila ya yi kuka a ɗakin wutar ibada, jakuna suka amsa, Gandari da Vidura suka gaya masa abin da wannan ke nufi. Sai ya tsawata wa ɗansa, ya ce wa Daraupadi ta roƙi abin da take so. Ta roƙi 'yancin Yudishtira, sannan na sauran huɗun da makamansu, ta ƙi karɓar na uku. Ya mayar musu da komai ya sallame su. Ba su yi nisa ba Duryodana ya tsoratar da shi da fushinsu, ya sa aka kirawo su wasa na biyu. Gandari ta roƙe shi kada ya yarda, ya ce in ƙarshen gidan ne ya zo, shi ba zai iya hanawa ba. Sakamako: aka sake cin 'ya'yan Pandu, aka yanka musu shekara 12 a daji, ta 13 a ɓoye.

Sau da yawa akan ce makantarsa alama ce ta rashin sani. Ban gamsu da wannan ba, kuma yana da kyau a faɗa don kada a ɗora wa makafi laifin da ba nasu ba. Masu ido biyu sun cika zauren nan, kallo suka yi. Gandari da ƙyalle a fuska ta fi yawancinsu gane abin da ke faruwa. Littafin ma kan kira sarkin da laƙabin da ke nufin wanda hankali ne idonsa. Sani bai taɓa yi masa ƙaranci ba. A kashi na 5, Udyoga Parba, bayan Sanjaya ya dawo daga aike wajen 'ya'yan Pandu ya ce sai gobe zai faɗi saƙo, barci ya ƙaurace wa sarki, ya sa aka kira Vidura cikin dare. Vidura ya fara da lissafa masa waɗanda barci ke gudu: ɓarawo, wanda sha'awa ta kama, wanda aka ƙwace wa dukiya, da mai rauni da ƙaƙƙarfa ya tasa a gaba. Ya tambaye shi ko dai kwaɗayin kayan wani ne ke cin sa. Nasihar ta cika babi 8, ana karanta ta ita kaɗai har yau da sunan Vidura Niti. Amsar sarkin ita ce: duk abin da ka faɗa haka yake, zuciyata ma tana karkata ga 'ya'yan Pandu, amma da zarar na haɗu da Duryodana sai ta juya, ba kuma mai tsere wa ƙaddara.

A wannan kashin dai, shi da kansa ya warware wa ɗansa shari'ar gadon. Ya ba shi labarin Debapi, yayan Shantanu, wanda aka hana sarauta saboda ciwon fata duk da jama'a na son sa. Ya ce haka ni ma aka tsallake ni, ƙasar ta Pandu ce, bayansa ta 'ya'yansa, tun da ban same ta ba kai ta ina za ka gada? Ga hukunci ya fito daga bakin mai iko. Abin da ya rage shi ne zartarwa, kuma Gandari da Kirishna, aminin 'ya'yan Pandu da ya zo neman sulhu, duk sun nuna masa hanya, har Kirishna ya ce a ɗaure Duryodana a miƙa shi. Yudishtira, da ke neman a mayar masa da ƙasarsa, ya sauko har ƙauyuka biyar, Duryodana ya ce ko gwargwadon tsinin allura ba zai bayar ba. Uban ya yi faɗa da baki, ya bar runduna da baitulmali a hannun wanda yake yi wa faɗan. Shi ya sa tun a babin farko na Mahabarata aka kwatanta Duryodana da babbar bishiyar fushi: Karna, babban mayaƙi amininsa, ne gangar jikinta, Shakuni rassanta, Dushasana furanni da 'ya'yanta, saiwarta kuwa sarki Diritarashtira.

Dab da yaƙi Viyasa ya yi masa tayin ido don ya ga fagen fama. Ya ce ba ya son ganin kisan dangi, a dai ba shi labari. Sai aka ba Sanjaya ganin nesa. Runduna 11 ta tsaya wa Duryodana, 7 ta tsaya wa 'ya'yan Pandu. Kowace runduna, da ake kira akshauhini, tana da karusa 21,870, giwa 21,870, mahaya doki 65,610, da dakarun ƙasa 109,350. Lissafin waƙa ne, amma yana nuna wa ya fi yawa. Bishma ya ja ragama kwana 10, Dorona 5, Karna 2, Shalya ya riƙe a rana ta 18. Tsarin labarin kansa abin dubawa ne: Sanjaya kan fara da faɗin cewa babban kwamanda ya faɗi, tsohon ya zube ko ya yi ta kuka, sannan ya ce a ba shi dalla-dalla. Mai karatu ta kunnen uban nan yake jin yaƙin gaba ɗaya. In ya ɗora laifi a kan ƙaddara ko a kan ɗansa, Sanjaya kan ce masa, ranka ya daɗe, shukarka ce, gina madatsa bayan ruwa ya wuce ba shi da amfani. Bima ya cika alkawarin ramuwar da ya ɗauka a zauren caca, a hannunsa 'ya'yan Gandari suka ƙare. Daga manyan mayaƙan ɓangaren mutum uku suka rage: Ashwatama, Kiripa da Kiritabarma.

A kashi na 11 waɗanda suka yi nasara suka zo gaishe shi. Ya rungumi Yudishtira ba da son rai ba, ya nemi Bima. Kirishna ya lura, ya janye Bima ya tura masa mutum-mutumin ƙarfe, wanda Duryodana ke gwajin kulki a kansa. Tsohon ya matse shi har ya ragargaje, ƙirjinsa ya ƙuje, ya yi aman jini, ya faɗi yana kukan ya kashe Bima. Sai da fushin ya fita aka gaya masa gaskiya, ya shafa jikin Bima na ainihi ya sa masa albarka. Daga nan wasu harsunan Indiya suka samo salon maganar "rungumar Diritarashtira", ga wanda ya jawo ka jiki da nufin karya ka.

Ya yi shekara 15 a Hastinapura ƙarƙashin Yudishtira, wanda ya ba da umarni kada kowa ya ambaci laifin Duryodana a gabansa. Bima ne kaɗai bai huce ba. Wata rana ya bubbuga damatsansa inda tsohon zai ji, yana cewa da waɗannan ya aika 'ya'yan makaho lahira. Daga baya aka gane sarkin ya daɗe yana rage cin abinci yana kwana a ƙasa ba tare da ya bari an sani ba. Ya nemi izinin tafiya daji. Ya tara mutanen gari ya haɗa hannuwa ya roƙi gafararsu a kan abin da shi da ɗansa suka jawo. Ya nemi dukiyar yin sadakar mamata, Bima ya ƙi, Yudishtira da Arjuna suka bayar daga nasu, aka yi kwana 10 ana rabo. A watan Kartika na kalandar Hindu suka fita: Kunti a gaba, hannun Gandari a kafaɗarta, hannun sarki a kafaɗar Gandari. Uwar waɗanda suka yi nasara ce ta zama 'yar jagora, kuma 'ya'yanta sun roƙe ta ta koma, ta ƙi.

A dajin, a wani dare, Viyasa ya shiga kogin Ganga ya kira matattun yaƙin, suka fito daga ruwa ba gaba a tsakaninsu. Ya buɗe wa Diritarashtira ido, karo na farko ke nan da ya ga fuskokin 'ya'yansa. Gari na wayewa suka koma ruwa.

Shekara biyu bayan haka wani mai ibada, Narada, ya kawo labari fada. Tsohon ya koma Gangadwara, inda ake kira Haridwar yanzu, ya daina magana, ya sa tsakuwa a baki, ya daina cin komai, Gandari kuma ruwa kaɗai take sha. Wata rana suna dawowa daga wanka a kogi gobara ta tashi da iska ta kewaye dajin. Ba su da ƙarfin gudu. Ya ce wa Sanjaya ya tsira da ransa, shi da matan biyu suka zauna suna fuskantar gabas har wutar ta iso. Sanjaya ya fita ya nufi duwatsun Himalaya. Narada ya ƙara da cewa gobarar daga wutar ibadar sarkin ta tashi, wadda masu yi masa hidima suka bari a daji ba su kashe ba. Shekara 18 ke nan bayan yaƙi. Da Yudishtira ya fita zuwa bakin Ganga don zuba ruwan mamata, Yuyutsu ya sa a gaba, ɗan mai hidimar nan da ya tsallaka zuwa rundunar 'ya'yan Pandu kafin a harba kibiya ta farko.